Gadon da Awino Ta Ƙi

Shafi na 17

Masu cika min waya da tambayar abin da Benta take ɓoyewa, duk na ga saƙonninku. Wata har faɗa ta yi min kamar ni ce Bentar. To ku gyara zama. Yau dariyar ba ta da yawa.

*

Sati uku ke nan rabon da Awino ta yarda a kwantar da ita a gadonta.

Watanta takwas, yarinya mai fara'a, kowa ya miƙa hannu sai ta je. Amma da zarar bayanta ya taɓa katifar gadon nan, sai ta sandare, ta tsala ihu har numfashinta ya ɗauke. Gadon kuwa ubanta Odera ne ya yi shi da hannunsa tun tana ciki. Wata biyu ya yi a kansa bayan an tashi daga aiki, ya sassaƙa masa kifaye a jikin sanduna, ya yi masa dogayen ƙafafu saboda sanyin ƙasa.

Shi ya sa ranar Asabar da hantsi ya rufe shagon kafintarsa, ba don ransa ya so ba, ya biyo matarsa Benta layin 'yan gwanjo na kasuwar Kibuye. Tana gaba da goyo, yana baya yana mita.

"Ni fa har yanzu ban gane ba, 'Yar Seme." Haka yake kiranta, da sunan garinsu. "A ce kafinta guda, 'yarsa tana kwana a akurki?"

"Ba akurki ba ne, Baban Awino. Shingen wasa ne na jarirai."

"Raga gefe huɗu, ƙofa ɗaya. Na yi wa mutane irinsa ya fi ashirin. Duk kaji suka zuba."

Ba ta yi dariya ba. Da can da ta yi.

Suka tsaya a rumfar Anti Plista, dattijuwa mai jiki da tabarau a kan hanci, wadda rabin jariran Kisumu a kayanta suka girma. Tana zaune kan kujerar roba tana gaigayar gasasshiyar masara, kekunan koyon tafiya da bahon wanka jibge a bayanta.

"Ku shigo, ku shigo. Kai ɗana, wannan fuskar fa? Kamar wanda aka kawo cire haƙori."

"Anti, ni kafinta ne. Gado na yi wa yarinyar nan wanda ko ɗan gwamna ba shi da irinsa. Ta ƙi shi."

"To ai ta gado ka, ga taurin kai nan a goshinku iri ɗaya." Ta ajiye masarar ta goge hannu a zani. "Me kuke nema, 'yata?"

"Shinge," in ji Benta. "Irin wanda ake girkewa a ƙasa."

Anti Plista ta jawo guda biyu. Ɗaya na raga ne mai ruwan hoda, ana naɗe shi kamar lema. Ɗayan na roba ne, gefe-gefe ake haɗa shi, kowane gefe da kalarsa.

"Wannan na ragar shi matan ofis suke so. Ba nauyi, ki naɗe ki sa a bayan babur. Ga zanen giwa, ga wurin rataya abin wasa."

Benta ba ta ko kalli giwar ba. Ta durƙusa da goyonta, ta kama bakin shingen ta girgiza da ƙarfi. Ya yi tangal-tangal.

"Idan babban mutum ya faɗo a kansa fa? Zai rufta ciki?"

"Babban mutum kuma?" Odera ya ce. "Wa zai faɗo a kai? Ni ba na sha, kin sani."

"Tambaya ce kawai."

Ta koma kan na robar, tana shafa kusurwoyinsa da tafin hannu.

"Wannan ba shi da ƙarfe ko kaɗan?"

"Babu."

"In ta fara tsayuwa, za ta iya haurawa?"

"Sai ta shekara biyu, ko fiye."

"Idan aka bar ta ciki ita kaɗai, kamar awa guda, ba kowa a ɗakin... ba abin da zai same ta?"

Anti Plista ta sauke tabaranta ƙasa kaɗan, ta dubi Benta ta samansa.

Odera ne ya karɓe. "Awa guda? Ina za ki je ki bar ta awa guda? Ke da ko rijiya ba ki yarda ki je ba sai da ita?"

"Na ce maka tambaya ce."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, kuma maganar tana fita da nauyi, irin ta wanda harshensa ke ciwo. Da ta miƙa hannu ta gyara goyo, hannun rigarta ya zame, wani dogon tabon ƙuna ya bayyana daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Sabo ne, bai gama bushewa ba. Ta yi maza ta ja rigar.

Dattijuwar ta gani. Ta kwance wani ɗan makulli daga bakin zaninta.

"Ɗana, Allah ne ya kawo ka. Ina da wani na katako a ɗakin ajiyata, can bayan masu kifi, ƙofa mai shuɗin fenti. Ƙafarsa ɗaya tana rawa. Je ka duba min da idon masu sana'a, ko ya fi waɗannan."

Fuskar Odera ta ɗan saki. "Yauwa. Katako dai katako ne, ba wannan tarkacen ba."

Ya karɓi makullin ya fita.

Anti Plista ta jira har ya sha kwana. Ta jawo wani benci da ƙafa.

"Zauna."

"A'a Anti, nan ma ya..."

"Zauna na ce."

Benta ta zauna a bakin bencin.

"Yaushe kika yi faɗuwar ƙarshe?"

Benta ta kau da ido. "Wace faɗuwa?"

"Buɗe bakinki in ga harshenki."

"Shayi ne ya ƙona ni."

"Hannun ma shayi ne?"

"Gawayi ne, ina..."

"'Yata, shekarata talatin ina sayar da kayan jarirai. Uwa tana tambayata kala, tana tambayata ko yana wankuwa. Ba wadda ta taɓa tambayata ko zai ɗauki nauyin babban mutum. Ba wa yarinyar nan kike neman shinge ba don ta yi barci. Nema kike ki kare ta daga kanki."



Awino ta yi 'yar miƙa a baya, ta kama gashin uwarta tana ja. Benta ba ta ji ba. Hawaye ne kawai suka soma sauka, ba sauti, ba shessheƙa.

"Ranar Laraba," ta ce a hankali. "Ina tuƙa ugali, tuwon masara."

"Farfaɗiya ce?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Ina shekara sha huɗu. Mamata ta ce ko limamin coci kada ya ji. Ta ce in aka ji, ba ni ba aure, ƙannena ma ba su ba aure. Muna zuwa wani asibiti can nesa inda ba wanda ya san mu, a ba ni magani. Shekara bakwai ban faɗi ba, Anti. Ko sau ɗaya. Har na fara mantawa."

"Mijin bai sani ba."

"A gwangwanin zare da allura nake ɓoye maganin. Ba ya taɓa shi."

"To me ya dawo da ita?"

"Da na samu ciki, na ji mata suna hira a layin awo, wai irin waɗannan magungunan suna lalata yaro. Na ji tsoron tambayar likita, don Baban Awino yana raka ni, tare muke shiga. Sai na daina sha. Da na haihu kuma na ce kada ya bi nono."

Anti Plista ta dafe kai. "Yesu. Hirar layi kika bi?"

"Har ta wata bakwai lafiya lau. Sai ran nan da rana, ta yi barci a hannuna, na je zan sa ta a gadon. Kin ga gadon yana da tsayi, sai na ɗaga ta sama na tsallakar da ita. Na ɗaga ta ke nan..." Ta rufe ido. "Ban san me ya faru ba. Na farka a ƙasa, jini a bakina, zanina a jiƙe. Rana har ta juya. Awino tana cikin gadon a kife, goshinta ya kumbura, ta yi kuka har muryarta ta tafi. Bakinta kawai ke buɗewa, ba abin da ke fita. Ban san awa nawa ta yi tana kallona ta tsakanin sandunan nan ba."

"Wayyo."

"Tun ranar ba ta sake yarda da gadon ba. Na ce wa ubanta rarrafe take koyo ta buge da ƙafar tebur. Yanzu ba ta barci sai a ƙirjina, ni kuma ba na barci don tsoro, in ban yi barci ba kuma abin ya fi zuwa. Sau uku cikin sati uku. Ko ɗaukarta na yi a tsaye sai in ji kamar zan yar da ita. Na ce in na samu shinge a ƙasa, ina jin alamar abin sai in sa ta ciki in matsa nesa. In faɗi can ni kaɗai."

"Ke kaɗai."

"Eh."

"Kusa da murhu. Kusa da bahon ruwa."

Benta ta sunkuyar da kai.

Dattijuwar ta cire tabaran gaba ɗaya ta riƙe a hannu.

"Ina da 'ya, Akumu. Ita ce ta fari. Ita ma tana da shi. Abin da uwarki ta gaya miki, shi na gaya mata, kalma da kalma. Na aurar da ita ba wanda ya sani, har ina jin daɗi na iya dabara. Wata rana ta tafi wanki bakin tafki. Mijinta yana gida yana gyaran raga, ko tunanin raka ta bai yi ba, don bai san akwai dalili ba." Ta ɗora hannu a gwiwarta. "Ruwan da ta faɗi a ciki iyakarsa nan. Nan, 'yata. Ko ɗan akuya ba zai ci ba. Shekararta ashirin da biyu."

"Allah ya ji ƙanta," Benta ta ce cikin kuka.

"Mijin ya tsaya a kan kabarin ya ce min, Mama, da kin faɗa min da ni zan riƙa yin wankin. Har yau ba na iya haɗa ido da shi in mun gamu a coci. Zan ba ki shinge, wannan na robar ya fi, ba ya kifewa. Amma shinge ba ya ɗaga mutum daga wuta. Ki koma asibiti ranar Litinin, su suka san maganin da ya dace da mai shayarwa. Kuma ki faɗa wa mijinki."

"Ba zan iya ba."

"Yaron nan yana son ki. Mutumin da ya sassaƙa gado..."

"Anti, ba ki san gidansu ba." Benta ta share fuska da bakin zani. "Ina amarya wata biyu, muka je ƙauyensu makoki. Matar yayansa, Adoyo, tana raba abinci sai ta faɗi a tsakar gida. Mutum ya fi ɗari. Ba wanda ya taɓa ta, kowa ya ja baya wai kada yawunta ya same shi. Ina tsaye ina kallo, ni ma na ja baya, don kada a gane ni. Washegari surukata, Mama Turfosa, ta sa aka fasa kofinta da kwanonta. Ta ce jinin gidanta ba zai haɗu da wannan abin ba. Yaran Adoyo biyu suna hannunta har yau. Ƙaramin yana nono aka cire shi."

"Mijin Adoyo bai ce komai ba?"

"Ya shige ɗaki ya rufe. Kin san wanda ya ɗauki akwatinta a kai ya kai ta tasha? Tana tafe tana waige, nono na zuba a rigarta?" Muryarta ta dushe. "Baban Awino."

Wani abu ya faɗi a kan dakali ya yi ƙara.

Makulli ne.

Odera yana tsaye a gefen rumfar, inda tulin bahon wanka ya kare shi. Ba wanda ya san tun yaushe.

"Makullin bai buɗe ba," ya ce. Muryar kamar ba tasa ba. "Na dawo in ce ba shi ba ne."

Benta ta miƙe zumbur, ta ja da baya har goyonta ya taɓa bango. Anti Plista ta tashi ta saki labulen buhun da ke bakin rumfar, don masu wucewa sun fara rage tafiya.

"Baban Awino..."

"Ƙafar tebur."

"Ka tsaya ka ji..."

"Kika ce min ƙafar tebur ce. Na ɗauki teburin na goge kaifin ƙafafunsa da magagari, duka huɗun." Ya miƙo hannayensa biyu, yatsun duk sun farfashe. "Gadon nan sau biyu ina kwance shi. Na ce ko ƙusa ce ta leƙo, ko fentin ne ke damunta. Na kankare shi tas na sake gogewa. Na canza katifa. Har na fara cewa ko hannuna ne ba shi da albarka, 'yata ta ƙi abin da na yi mata. Kina zaune kina kallona, 'Yar Seme. Kina miƙo min ruwan sha."

"Na so in faɗa. Kullum sai na buɗe baki..."

"Shekara uku ina kwana kusa da ke."

"Na sani."

"Da ta mutu fa? Da na dawo na tarar da ke cikin wuta, ita kuma..."

"Shi ya sa na zo sayen shingen."

"Shinge!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Na roba ya fi ni ke nan. Shi kika amince wa."

Nan ne Benta ta ɗago. Ta daina ja da baya.

"Shi ba zai ɗauki akwatina ya kai tasha ba."

Kamar ta mare shi.

"Ina bayanka ranar," ta ce. "Adoyo ta riƙe rigarka a bakin mota, ta ce Odera, ka bar ni in ba shi nono sau ɗaya. Ka cire hannunta. Da muka koma gida ka wanke naka hannun da sabulu har sau biyu. Ni na zuba maka ruwan."

"Mama ce ta sa ni."

"Na sani."

"Yaro ne ni lokacin, ban san..."

"Shekara uku ne kawai, Baban Awino. Ita ma Mama tana nan da ranta. Za ta sake sa ka."

Ya jingina da turken rumfar, ya zame a hankali har ya tsuguna. Ya rufe fuska da hannayen nan masu tsaga. Kafaɗunsa suka soma rawa. Benta ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Anti Plista ta matso. "Ɗana, ka saurare ni. Ba a ɗaukar ciwon nan a yawu, ba a ɗauka a kwano. Ba tsinuwa ba ce. Shekara bakwai matarka tana shan magani lafiya lau, kai kanka shaida ne, ba ka ga komai ba. Abin da take buƙata mutum ne da ya sani. Ni na rasa tawa a kan rashin wannan."

Bai ɗago ba.

"Kin rame," ya ce daga cikin tafin hannunsa. "Ina ganin kin rame, idonki ya faɗa. Na zaci rashin barcin yarinyar ne kawai. Na ce bari in yi miki abin da zai sa ki huta."

Benta ta dube shi. "Me ka yi?"

"Na so ya zama ba-zata."

"Baban Awino, me ka yi?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Na kira Mama ranar Alhamis. Na roƙe ta ta zo ta zauna da mu wata guda, ta riƙe miki Awino. Tun safe ta shigo mota."

Benta ta dafa bango. Ɗaki ɗaya da falo. Wata guda. Idon Mama Turfosa, wanda ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya gani.

"Wata guda," ta ce. "Ko sati ba na kaiwa ban faɗi ba."

Odera ya miƙe. Ya goge fuska da gefen riga. Ya tako har gabanta, ya tsaya.

"Kwance min ita."

"A'a."

"Kina rawa, 'Yar Seme. Dubi ƙafafunki. Kwance min ita."

Ta dubi fuskarsa tana neman abin da yake nufi, ba ta samu ba. Ta dubi Anti Plista. Dattijuwar ta kau da kai, leɓenta na motsi da addu'a.

Benta ta kama ƙullin zanin. Ta kwance na sama. Ta kwance na ƙasa. Ya zagaya ya ɗauke yarinyar daga bayanta, sai ta ji iska ta bugi wurin da zufar goyo ta jiƙa. Awino ta buɗe ido, ta miƙo wa uwarta hannu biyu, ta fara kuka.

A daidai lokacin wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu.

Ya ciro da hannu ɗaya. Benta ta hango sunan a jikin gilashin.

"Don Allah," ta ce, ko muryar ba ta fita sosai. "Odera. Don Allah."

Rabon da ta kira sunansa tun kafin haihuwa.

Ya dube ta. Ya dubi tabon da ke goshin 'yarsa. Ya danna, ya kai kunne.

Muryar tsohuwar ta fito tar, har Anti Plista tana ji.

"Ga ni a tasha, na sauka. Kukan wa nake ji haka? Me matar nan ta yi wa jikata?"

Odera ya ja dogon numfashi.

"Mama," ya ce, "ki tsaya nan inda kike. Akwai maganar da za ki ji kafin ki taka gidana."